Ɗakin Maza Ko Ɗakin Mata? Gwagwarmayar Khawaja Sira A Pakistan

 

Yau Pakistan za mu je, kuma tun kafin mu ɗaura sirdi gara in faɗa muku cewa maganar tana da nauyi a baki. Irin maganar nan ce da in ta taso a majalisar ƙofar gida, wani ya yi tsaki, wani ya tuntsire da dariya, wani kuma ya ce a'uzu billahi ya kakkaɓe riga ya tashi. To wanda hannunsa ya riga ya kai kan rediyo zai murɗa, ina roƙon arziki ya ɗan saurara mini. In na kai aya, hukunci nasa ne.

Daren Lahadi 22 ga watan Mayun 2016, a birnin Peshawar da ke arewa maso yammacin Pakistan, kusa da iyakar Afghanistan, wani ɗan bindiga ya ɗirka wa wata mai suna Alisha harsasai da dama. Shekarunta 23. Abokan zamanta suka kwashe ta jina-jina zuwa babban asibitin gwamnati na birnin. A can, kamar yadda waɗanda suka raka ta suka shaida wa manema labarai, sai aka tsaya jayayya: wane ɗaki za a kwantar da ita, na maza ko na mata? Nan a ce ba wurinta ba ne, can ma a ce ba wurinta ba ne. Masu rakiyar suka ce su kansu sun sha tsokana da maganganun banza a farfajiyar asibitin. Daga baya an yi mata aiki, amma ranar Laraba 25 ga wata rai ya yi halinsa.

Kun ji ina cewa "ta", ina cewa "ita". Harshenmu bai bar wa mutum maɓoya a nan ba. Bahaushe ko gaisuwar safe zai yi sai ya zaɓa, ko dai ka kwana lafiya ko kin kwana lafiya. Ni na bi yadda mamaciyar ta kira kanta da yadda jaridun ƙasarta suka kira ta, kuma ban yi haka don in yanke wa kowa fatawa ba. Alisha tana cikin jama'ar da ake kira khawaja sira, tana kuma cikin jagororin wata ƙungiyarsu a lardin Khyber Pakhtunkhwa.

Da yawanmu in aka ce zanga-zangar masu sauya jinsi, Landan ko New York ke faɗo mana a rai. Ba laifinmu ba ne, abin da talabijin ke nunawa ke nan. A watan Afrilun 2025 ma, da kotun ƙolin Birtaniya ta ce kalmar "mace" a dokar daidaito ta ƙasar tana nufin wadda aka haifa mace, dubban mutane sun cika dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan suna nuna fushinsu. Waccan rigimar tasu ce, da tarihinta da yarenta. Abin da ya sa na zaɓi Pakistan shi ne, a nan masu zanga-zangar Musulmi ne, masu adawa da su Musulmi ne, alƙalan Musulmi ne, kuma kowane ɓangare da littafi a hannu yake magana. A irin wannan wuri ba a sallamar magana da cewa ai aikin Turawa ne a wuce.

Su wane ne khawaja sira? Ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yan kaɗan da aka haifa da halitta biyu ko halittar da ba ta fito sarari ba, wato mata-maza, waɗanda malaman fiƙihu ke kira hunsa. Akwai waɗanda aka haifa maza aka yi musu dandaƙa. Sannan akwai mafi yawa, waɗanda jikinsu na namiji ne amma suke cewa ruhinsu na mace ne, tun suna yara suka tashi a haka. Ku riƙe wannan rabe-raben da kyau, domin duk rigimar da za ta biyo baya a kansa take.

Na san wani zai ce, to ai 'yan daudu ke nan. Akwai kama, amma kama da wane ba wane ba ne. Khawaja sira al'umma ce mai tsari, mai gidaje da shugabanni. Yaron da iyayensa suka kora, ko ya gudu saboda dukan yayye da gorin unguwa, yakan faɗa gidan wata babba da suke kira guru, ya zama almajirinta. Ita ke ba shi suna, ta ba shi wurin kwana, ta koya masa sana'a, shi kuma ya riƙa kawo mata wani kaso na abin da ya samo. Akwai guru mai riƙon amana kamar uwa, akwai mai tatsa kamar azzalumin ubangida. Suna da wani zaurance nasu da bare ba ya ganewa. Sana'arsu ta gado ita ce zuwa gidan haihuwa da gidan biki, su yi waƙa da rawa, su sa wa jariri ko ango albarka, a ba su kuɗi. Mutane da yawa a can sun yi imani cewa addu'arsu ba ta faɗuwa ƙasa, haka ma bakinsu. Ke nan ana neman albarkarsu ranar suna, ana jifan su da dutse washegari. Da wannan sana'ar ta ja baya, abin da ya rage wa da yawansu shi ne bara a mahaɗar titi, rawa a wurin shagalin maza, da sayar da jiki.

Da can ba haka suke ba. Sunan khawaja sira kansa daga fadar sarakunan Mughal ya fito, inda babanni ke tsaron cikin gida, suna riƙe makullai da asirin sarki, wasu har da baitulmali da runduna. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarihin fadojinmu, tun da tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa ya ɗora babanni a kan manyan muƙamai. Da Turawan Ingila suka kama Indiya, wadda a lokacin ta haɗa da Pakistan ta yau, sai suka kafa wata doka a 1871 wadda ta ɗauki wasu ƙabilu sukutum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, aka ware wani sashe na musamman a kan waɗannan mutane. 'Yan sanda su yi musu rajista. Wanda aka yi wa rajista, in aka gan shi a titi da kayan mata ko yana rawa, ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ne. An hana su riƙon yaro, an hana su yin wasiyya ko kyautar da dukiyarsu. An soke wannan sashen a 1911, amma tabonsa ya zauna. To ku dubi abin mamaki: yau ana zargin cewa Turawa ne suka kawo su, alhali abin da Bature ya kawo wa yankin a rubuce shi ne dokar farautar su.

Gwagwarmayar zamani ta soma ne daga wani biki. A farkon 2009, 'yan sanda suka kai samame wurin wani shagalin aure a garin Taxila, suka kama khawaja sira da aka gayyato rawa, aka kuma zargi 'yan sandan da ƙwace musu kuɗi da cin zarafinsu. Irin wannan ya sha faruwa ana haɗiyewa. A wannan karon wata guru mai suna Almas Bobby ta tattaro jama'arta suka yi dafifi a ƙofar ofishin babban jami'in 'yan sanda na Rawalpindi. Labari ya shiga jarida. Wanda ya karanta ya ɗauki alƙalami ya kai maganar kotun ƙoli shi ne Dakta Muhammad Aslam Khaki, lauya masanin shari'ar Musulunci. Ba ɗan wata ƙungiyar ƙetare ba ne, mutumin fiƙihu ne. Alƙalin alƙalai na lokacin, Iftikhar Muhammad Chaudhry, ya karɓi ƙarar, kuma tsakanin 2009 da 2012 kotun ta yi ta ba da umarni ɗaya bayan ɗaya: a ba su katin ɗan ƙasa mai nuna jinsinsu, a sa su cikin rajistar zaɓe, a nemo musu gadonsu da 'yan'uwa suka danne, 'yan sanda su daina muzguna musu. A zaɓen 2013 har wata jagorarsu, Bindiya Rana, ta tsaya takarar majalisar lardin Sindh a Karachi.

Bari in ɗan ratse da wani abu mai ban dariya da ban takaici a haɗe. A wancan lokaci wata hukumar unguwar masu hali a Karachi ta ɗauke su aikin karɓar haraji daga masu taurin bashi. Dabarar ita ce, attajirin da ya ƙi jin takardar gargaɗi ba zai jure ganin su tsaye a ƙofar gidansa maƙwabta na leƙe ba. Kuɗi kuwa sun fito. Aiki ne, albashi ne, amma da me aka biya hukuma? Da ƙyamar da jama'a ke yi musu. Su ma sun san wannan makamin, shi ne mafi tsufa a hannunsu. Suna da wani irin tafi nasu, tafin hannu a buɗe mai ƙara, wanda duk ɗan Pakistan ko Indiya zai gane ko daga bayan katanga. Da shi suke shiga gidan biki, da shi suke tsayawa gaban ofishin gwamnati. Wanda ba shi da ƙuri'a mai yawa, ba shi da dangi, ba shi da kuɗi, abin da ya rage masa shi ne ya sa babba ya ji kunya.

Me ya sa katin ɗan ƙasa ya zama kan gaba a buƙatunsu? Domin a Pakistan, in ba ka da shi ba ka da layin waya, ba ka da asusun banki, ba ka hayar ɗaki cikin sauƙi, ba ka zaɓe, ba ka karɓar gado. Katin kuma yana neman sunan uba da shaidar dangi. Wanda ubansa ya ce kada ya sake taka masa ƙofa, wa zai je ya tsaya masa? Wasu sunan guru suka riƙa sawa a gurbin uba, har sai da maganar ta kai babbar kotun Lahore. Ita ce kuma kotun da ta ba da umarni a ƙidaya su a ƙidayar 2017. Aka ƙidaya, aka samu 10,418 a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Ƙungiyoyinsu suka ce wannan lissafin dokin rano ne, domin wane magidanci ne zai gaya wa malamin ƙidaya cewa yana da irin wannan ɗa?

Mutuwar Alisha ce ta zaburar da abin. Aka yi zanga-zanga a Peshawar da wasu birane. Gwamnatin lardin ta ware rupi miliyan 200 a kasafinta domin walwalarsu. Bayan wata ɗaya, a Yunin 2016, malamai kimanin 50 a Lahore suka fitar da fatawa. Suka ce wanda alamun namiji suka bayyana a jikinsa yana iya aure a matsayin namiji, wanda na mace suka bayyana yana iya aure a matsayin mace, wanda ya haɗa duka biyu ba shi da aure. Suka ce hana su gado haramun ne, yi musu ihu da wulaƙanci haramun ne, kuma in sun mutu a yi musu sutura da salla kamar kowane Musulmi. Wannan na ƙarshen ku auna shi. Ba a fitar da fatawa a kan abin da ba ya faruwa. In har sai da malamai 50 suka sa hannu cewa a sallaci gawarsu, to akwai gawarwakin da aka rasa mai sallata.

Almajiran zaure da ke saurare na sun san wannan babi ba sabo ba ne. Wanda Allah ya ba ikon sauke Muhtasar na Shehu Halilu ya san cewa da mas'alar gadon hunsa aka rufe littafin: a duba alamomi, in sun rinjaya ɓangare ɗaya a bi shi, in abin ya rikice a ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Malaman da suka gabata ba su kawar da kai ba, ba su ce a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ba, sun zauna sun lissafa masa haƙƙinsa har kobo. Mu da muke gadonsu ne muka mayar da abin na raɗa da zunɗe.

A watan Mayun 2018 majalisar dokokin Pakistan ta zartar da dokar kare haƙƙinsu, kuma duniya ta yi ta mamaki, domin ta wuce ta ƙasashen Turai da dama. Ta haramta nuna musu bambanci a makaranta, a wurin aiki, a asibiti, a motar haya. Ta ce gwamnati ta tanadar musu gidajen fakewa da wuri na daban a kurkuku. Wanda ya tilasta musu bara, ɗaurin da ya kai wata 6 ko tarar rupi 50,000. A shekarun nan aka ga abubuwan da ba a taɓa gani ba. Marvia Malik ta karanta labarai a wani gidan talabijin na Lahore. Nisha Rao, wadda da kuɗin bara a titunan Karachi ta biya karatun lauya, ta sa baƙar riga ta shiga kotu. Sara Gill ta zama likita. A Islamabad wata mai suna Rani Khan ta buɗe musu makarantar koyon Alƙur'ani, saboda yadda ake hantarar su a masallatai da makarantun da kowa ke zuwa.

Amma akwai wata ƙaya a cikin dokar. Ta kwashi rukuni ukun nan da na lissafa muku ta zuba a tukunya ɗaya ƙarƙashin kalma guda ta Turanci. Sannan sashe na 3 ya ce jinsin mutum shi ne abin da shi kansa yake ji a ransa, ya je hukumar rajistar 'yan ƙasa ta NADRA a rubuta masa haka, ba sai likita ya duba shi ba. Sashe na 7 kuma ya ɗora rabon gado a kan wannan. Nan gizo ke saƙar.

Shekara 3 ba a ce uffan sosai ba, sai Sanata Mushtaq Ahmad Khan na jam'iyyar Jamaat-e-Islami ya kawo ƙudurin gyara a 2021, yana neman a kafa kwamitin likitoci da zai riƙa tantancewa. Zuwa Satumban 2022 wuta ta kama. Huɗubobin Juma'a, jerin gwano, kafafen sada zumunta, ko'ina maganar ke nan. Majalisar da ke ba gwamnati shawara kan koyarwar Musulunci ta ce wasu sassan dokar sun saɓa wa shari'a. Hujjar masu adawa da dokar a fili take. In ji a rai ya isa, me zai hana mace ta ce ita namiji ce ta kwashi rabo biyu? Me zai hana namiji ya rubuta kansa mace ya auri namiji ɗan'uwansa, ko ya kutsa wurin da mata kaɗai ke shiga? Suka kawo alƙaluman da ke cewa sama da mutum 28,000 sun canza jinsi a rajista cikin shekara 3.

Ɗaya ɓangaren suka ce mafi yawan wannan adadi gyaran kuskuren magatakarda ne, irin wanda za a rubuta Amina namiji. Suka ce dokar ba ta ambaci aure ba ko sau ɗaya, kuma a aikace katin da ake ba su ba na namiji ba ne ba na mace ba, harafin X ne a jiki, wanda ba a ɗaura aure da shi. Game da kwamitin likitoci kuwa suka ce: wato mu je mu tuɓe gaban baƙi, a cikin asibitocin da suka bar Alisha a farfajiya?

Ga nawa ganin, kuma kowa yana da ikon ƙin sa. Tambayar da malaman suka yi a kan gado ba ta shirme ba ce. A ƙasar da rabon gado ya tsayu a kan nassi, duk wanda ya rubuta doka ya ce ji a rai ne zai raba gida da gona, ya kamata ya san za a tare shi a hanya. Masu rubuta dokar sun ɗauko ma'anar da aka saƙa a wata duniya suka ɗora wa al'ummar da take da sunanta da tarihinta tun kafin a san Ingila a yankin. Duk nasarar da aka samu daga 2009 zuwa 2016, da yaren gida aka same ta: mu ma bayin Allah ne, a ba mu gadonmu, a sallace mu in mun mutu. Wannan yare ba wanda ya iya tsayawa gabansa. Da aka sauya yare, sai aka miƙa wa abokin hamayya sanda.

Amma fa tsoron da aka yayata ya fi abin da ke ƙasa girma nesa ba kusa ba. Mafi yawan khawaja sira maza aka haife su. A lissafin dokar kanta, wanda aka haifa namiji ya rubuta kansa mace, rabin gadonsa ya zubar. Wane mayaudari ne ke yaudara don ya yi asara? Kuma wane gado ma ake magana, ga mutumin da aka kora daga gida yana ɗan shekara 13? Ni ban ga mai hankalin da zai zaɓi barar titi, da dukan 'yan sanda, da harsashi, don ya samu shiga layin mata a banki ba. Sannan kalmomin da aka yi amfani da su a wancan kamfe, ana kiran mutane 'yan luwaɗi da 'yan kwangilar Yahudu da Nasara ta lasifika, ba a kan takardar doka suka sauka ba. A kan mutanen da ke tsaye a mahaɗar titi suka sauka, kuma ɗan bindiga ba ya tambayar rahoton likita kafin ya harba. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe 18 daga cikinsu tsakanin Oktoban 2021 da Satumban 2022. Marvia Malik kanta da ƙyar ta tsallake harbi a Lahore a watan Fabrairun 2023.

Cikin wannan zafin ne, ranar 20 ga Nuwamban 2022, ranar da irin waɗannan jama'a ke tunawa da mamatansu a faɗin duniya, ɗaruruwa suka taru a dandalin Frere Hall na Karachi, wani tsohon ginin zamanin Turawa. Suka kira taron Sindh Moorat March, da kalmar da suke kiran junansu da ita a cikin gida. Shahzadi Rai da Dakta Mehrub Moiz Awan na cikin waɗanda suka shirya shi. Wannan zaɓen suna ba banza ba ne, amsa ce ga masu cewa daga waje aka shigo da su.  Ɗaruruwa ba wani taro ba ne a birnin da ya haura mutum miliyan 15, jam'iyyar siyasa ɗaya tana iya ninka su sau ɗari da sanarwar dare ɗaya. Nauyin taron a wani wuri yake: mutanen da aka saba gani da dare cikin kwalliyar rawa sun fito da rana tsaka da takardar buƙatu a hannu.

Ranar 19 ga Mayun 2023 Kotun Shari'ar Musulunci ta Tarayya, wadda aka kafa a 1980 zamanin Janar Zia ul-Haq don auna dokokin ƙasa da Alƙur'ani da Sunna, ta yanke hukunci. Ta soke sashen da ya ba mutum ikon ayyana jinsinsa, ta soke na gado, ta soke faɗaɗa ma'anar da ta haɗa da rukuni na uku. Ta ce jinsi yana bin halittar jiki ne. A cikin hukuncin kuma ta tabbatar cewa Musulunci ya san hunsa, kuma yana da dukkan haƙƙin da tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa. NADRA ta dakatar da katin X. Aka ɗaukaka ƙara zuwa sashen shari'a na kotun ƙoli, kuma da yake tsarin mulkinsu ya ce irin wannan hukunci ba ya fara aiki matuƙar akwai ƙara a gaba, a watan Satumban shekarar hukumar ta ci gaba da bayar da katin.

Wani abu ya faru a Karachi a shekarar nan ta 2023 da nake so ku ji. Lardin Sindh ya ware musu kujeru a majalisun ƙananan hukumomi. Mutum biyu suka shiga majalisar birnin Karachi. Ɗaya Shahzadi Rai ce, mai shirya zanga-zangar, a ƙarƙashin jam'iyyar PPP. Ɗayar, Chandni Shah, jam'iyyar Jamaat-e-Islami ce ta tsayar da ita, wato jam'iyyar da ta ja ragamar yaƙi da dokar. Wani zai ce siyasa ce, kujera ce ba a so a bar wa abokin hamayya. Wataƙila. Amma ko siyasar ce, ta nuna cewa babu wani ɓangare a Pakistan da ya fito ya ce a kashe su ko a hana su magani. Kowa cewa yake shi ne mai kare na gaskiyan cikinsu.

To a nan nake riƙe waɗanda suka yi nasara a kotu da maganarsu. Kun ce ba mutanen kuke yaƙa ba, sashe na 3 kuke yaƙa. Madalla, kotu ta ba ku. Lasifikar da ta tara dubbai a kan sashe na 3 tana nan, ba ta lalace ba. Ina huɗubar da aka yi a kan uban da ya kori ɗansa, ko yayan da ya cinye gadon ƙaninsa, ko ma'aikacin asibitin da ya tsaya tambayar ɗaki mutum na zubar da jini? Waɗannan ba sa buƙatar kwamitin likitoci, malaman Lahore 50 sun gama magana a kansu tun 2016. Su ma masu fafutukar akwai tambayar da ke jiran su, ta guru masu tura yara bara da karuwanci, wadda ba a cika ɗaga kwalinta a wurin zanga-zanga ba.

Ranar Lahadi 21 ga Satumban 2025 aka tsinci gawarwakin khawaja sira 3 a gefen hanya a wajen birnin Karachi, duka da raunin harsashi. Babban ministan lardin ya ba da umarnin bincike. Aka kai gawarwakin asibiti, 'yan'uwansu suka taru a ƙofa suna neman a kamo waɗanda suka yi kisan.